Safar Nurettin

A Erzurum sanyi ba ya sallama.
Ta ƙarƙashin ƙofa yake shigowa,
ya riga mai gado hawa gado.
Shekarar da muka binne Nurettin
har cikin ɓargo na ji haƙoransa.

Akwai wata kafa a tagar kicin,
faɗinta bai wuce bakin kofi ba,
dab da tukunyar gas mai ɗumama gida.
Dare da rana tana hura mini ƙeya.
Na ɗauko safar ulu ta marigayi,
wadda na saƙa masa da hannuna,
na cusa mata, na ce: to, yi shiru.
Ta yi shiru.

Gida ya yi ɗumi kamar cikin burodi.
Na yaba wa kaina dabara.

Kwana biyu, kaina ya fara sara.
Na ce mura ce, na dafa lemun tsami.
In na sauka kasuwa sayen cuku
sai ciwon ya tsaya bakin titi,
in na dawo, yana kan matakala yana jirana.
Ban tambayi kaina dalili ba.
Gilashin taga yana ta gumi,
kunkunniya ta yi gemu a bango,
wutar da na sani shuɗiya tsaye
ta koma rawaya, tana layi kamar mai jin barci.
Duk na gani.
Gani daban, sani daban.

Ran Juma'a aka kawo mini Tufan,
jikana, mai shekara shida,
yaron da ba ya zama ko an ɗaure shi.
Ya bar miyarsa, ya kwanta kan kilishi,
ya ce, Kaka, ɗakin nan yana juyawa.
Magen ma ta ƙi tashi.
Na ce bari in ɗan kishingiɗa,
in na tashi sai in yi la'asar.

Shaziye ta hawa na biyu
sukari ya kawo ta, ba komai ba.
Ta buga, ta buga, ta murɗa ƙofa.
Ta ce ba ta ji warin komai ba,
abin da ya tsorata ta ke nan:
gida tsaf, shayi a kan tebur,
mutum biyu da mage kwance da rana tsaka.
Ta wangale tagogi, ta rufe gas,
ta ja mu waje kamar buhunan gari.
Dusar ƙanƙara a kumatuna
ita ce abu na farko da na tuna,
sai jiniyar motar asibiti,
sai Tufan yana amai, yana kuka.
Ban taɓa jin kuka mai daɗinsa ba.

Usta Rifat ya zo da tsaninsa.
Daga bututun hayaƙi ya zaro
rabin sheƙar hankaka, tun ta bazara.
Daga taga ya zaro safa.
Ya riƙe ta a hannu, bai yi faɗa ba.
Ya ce, Uwa, wuta ma numfashi take.
In kika hana ta, naki za ta ɗauka,
ta biya ki da abin da ba shi da wari,
ba launi, ba ɗanɗano, ba gargaɗi.

An ce sai bango ya tsage
ƙadangare ke samun wurin shiga.
Ni toshe tsagar na yi,
na kulle maciji tare da mu.

Yanzu akwai 'yar farar ƙararrawa a bango,
Tufan ke danna ta, ya toshe kunne.
Duk kaka, kafin ganye ya gama zuba,
Rifat yana zuwa, ya duba, ya sha shayi.
Kafar tana nan a buɗe.
Tana hura mini ƙeya, ina ƙara mayafi.

Safar kuwa na wanke ta,
na mayar kusa da 'yar'uwarta.